Masinja, Zakara da Karatun Rahila

'Yan'uwana cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya kulle mini baki da hannunsa, ya kuma buɗe shi da hannunsa. Haleluya!

Ni ne Ishaya, wanda kuka fi sani da Baba Masinja, mai zama a bencin baya kusa da ƙofa. Na san ana cewa don in riga kowa fita ne nake zama a wurin. Ba gaskiya ba ne, iska nake sha. To, wani lokacin gaskiya ne.

Fasto ya ce in tashi ranar Lahadi in ba da shaida. Na ce masa bakin nan nawa yanzu iska ta fi magana yawa a cikinsa, gara in rubuta a sa a takardar ikkilisiya. Aji uku na yi a firamare can gida ƙasar Zuru, shi ma rabinsa a bakin rafi na yi shi. Saboda haka na ce wa sakatare ya gyara baƙaƙen da suka karkace, amma kada ya taɓa mini magana.

Ga abin da Allah ya yi.

Na yi aikin masinja a ofishin gona nan Jega har na yi ritaya. Ban da ilimi, ban da kuɗi, amma ina da abin alfahari guda ɗaya: ba a taɓa aike na ban kai saƙo ba. Ruwa ko rana, keke da lafiya ko a tura. Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi a gaba.

Autarmu ita ce Rahila. Ranar da ta ce mini likitar haƙori take so ta zama, dariya na yi har na ƙware. Na ce, "Duk jikin mutum ba ki ga inda za ki duba ba sai baki? Ga ido, ga zuciya, ga ƙafa."

Ta ce, "Baba, tun ina goye nake kallon bakinka. Shi ne ya kira ni."

Uwarta Rifkatu ta yi guɗa. Ni kuwa na rufe bakina, don goro ya riga ya mai da shi kamar tukunyar rini.

Yarinya ta ci jarrabawa, ta sami jami'a can nesa, tafiyar yini guda a mota. Shekarun farko mun lallaɓa. Ɗan fanshona, wainar da Rifkatu take toyawa a bakin tasha, da abin da yayyenta suke aikowa in sun samu. Sai ta kai ajin da ake fara taɓa bakin mutane. A nan kuɗin makaranta ya tashi, ga kuma kayan aiki da kowane ɗalibi zai saya da kansa. Muka juye aljihu, muka karkaɗe, babu.

Wata ranar Asabar ta kira ni. Muryarta ba irin ta kullum ba ce.

Ta ce, "Baba, in aka rufe rajista ban biya ba, sai in zauna a gida shekara guda. Waɗanda na ga sun zauna, ba su cika dawowa ba."

Na ce, "Ba za ki zauna ba."

Ta ce, "To saurara. Akwai wata ƙungiya ta likitocin haƙori da ke ba da tallafin karatu, sikolashif, ga ɗaliban da suka fito daga inda babu likitocin. Na cika komai da komai. Abu ɗaya ya rage. Suna so likitan haƙori da ke aiki a jiharmu ya yi magana da ni, ya shaide ni. Akwai wata likita da ke zuwa asibitin nan na garinmu daga Birnin Kebbi kowace Laraba. Ba ni da lambarta, ba ni da kuɗin motar zuwa. Ka je ka gaishe ta, ka ba ta lambata. Shi ke nan aikinka, Baba."

Na ce, "Wannan ai aikin yara ne. An gama."

An gama! Ku ji bakin tsoho.

Laraba ta zo, na sa rigata ta zuwa sujada, na tafi. Na tambayi ɗakin haƙori, aka nuna mini. Ina isa bakin ƙofa sai na ji wani inji yana kuka a ciki, ziiii, kamar ana wasa wuƙa. Can sai ƙofa ta buɗe, wani ƙato ya fito, mutumin da zai iya ɗaukar buhun albasa biyu a ka, ya dafe kunci, auduga a baki, hawaye a ido.

Jama'a, ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba. Na dai ga kaina a bakin titi.

Bari in faɗa muku dalili, kada ku yi mini dariya da yawa. Ina saurayi a ƙauyenmu haƙori ya taɓa yi mini ciwo. Aka kai ni wurin maƙeri. Mutum biyu suka zauna a kaina, shi kuma ya sa awartakin da yake kama ƙarfe da shi. Da ya gama, aka duba, ashe mai lafiyar ya cire. Aka sake zama a kaina. Tun daga ranar na yi wa kaina alkawari, duk mai sana'ar baki, ko da farar riga ko da walki, ba zai sake ganin cikin nawa ba. Kuma na san in na shiga wurin matar nan na ce ina kwana, za ta hango abin da ke ciki ta ce, "Baba, zauna tukuna."

Ina tafe gida sai Shaiɗan ya zo mini da wayo, ya kuma zo da murya irin tawa. Ya ce, Ishaya, kai da ka yi shekaru a ofis, yaushe ka taɓa ganin kuɗi sun fito daga hannun ma'aikaci? Kuɗi suna wurin manya. Yarinya ce, ba ta san duniya ba. Kai ka san ƙofofi. Je ka samo mata kuɗin gaba ɗaya, ba sai an cika takarda ba.

Na ce wannan magana ta yi hankali. Ta yi mini daɗi ne kawai don babu inji a cikinta.

Kun san ba a zuwa wurin babban mutum hannu sake. Na duba gidana, abin da ya fi kowa kyan gani shi ne jan zakaran Rifkatu. Na kama shi. Ta fito daga madafa da ludayi a hannu.

Ta ce, "Baban Rahila, ina za ka kai mini zakara?"

Na ce, "Makaranta zai tafi."

Ta ce, "Kai da ka kasa gamawa, shi ne zai gama?"

Na ɗaure masa ƙafafu, na sa shi a hammata, na tare kabu-kabu.

Aliero na fara zuwa. Akwai wani Alhaji, babban dillalin albasa, wanda aka ce yana biya wa yara makaranta. Na je aka ce ya bi motocinsa zuwa kudu. Yaransa suka ce in bar zakaran za su ba shi. Na yi murmushi. Ni za a gaya wa? Na san abin da ke faruwa da kyautar da aka bari a ƙofa, don na sha cin irinta. Kyauta sai a gaban idon mai ita. Na koma da abina.

Na sake komawa, ba ya nan. Na sake komawa, yana barci. Ranar da na same shi, yana zaune a kan tabarma tsakanin buhuna, warin albasa na sa ido hawaye. Na tuɓe takalma, na durƙusa. Na gaishe shi, ya amsa. Na tambayi iyali, na tambayi gajiya, na tambayi kasuwa, na tambayi motoci da direbobinsu, na tambayi ruwan bana. Ai ba a faɗa wa babban mutum buƙata haka gatsau kamar ɗan sanda. Ina cikin shimfiɗa, ina neman inda zan ɗora maganar Rahila, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya miƙe yana magana. Da ya kai bakin mota sai ya juyo ya dubi hammatata.

Ya ce, "Tsoho, nawa ne zakaran?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba na sayarwa ba ne."

Ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Mota ta tashi.

Ni da zakara muka dubi juna.

Daga nan hankalina ya bar jikina. Wani ya ce akwai ɗan siyasa a Maiyama mai buɗaɗɗen hannu, na tafi Maiyama. Wani ya ce ƙanin matarsa yana Jandutsi, in aka bi ta wurinsa ya fi sauri, na tafi Jandutsi, na tarar mutumin shi ma layi yake bi. Aka ce wani tsohon kansila a Gumbin Kure, na je, na same shi yana neman wanda zai ara masa jaki. Kullum da safe ni ne a tasha. 'Yan kabu-kabu suka daina ce mini Baba Masinja, sai Mai Zakara. Suna hango ni sai su ce, "Yau ina za a kai Alhaji?" Zakaran suke nufi.

Ina saya masa dawa a hanya don kada ya rame ya kunyata ni a gaban manya. Shi yana ƙiba, ni ina zubewa. Har ya saba da mashin, in iska ta buge shi sai ya lumshe ido.

Ba na iya zama. In na zauna, ƙafa na rawa. In Rifkatu ta ajiye tuwo, in yi loma biyu in miƙe. A majami'a Fasto yana wa'azi, ni ina lissafin ƙofar da ban je ba tukuna. Ana waƙa, bakina na motsi, zuciyata tana Maiyama. Addu'a kuwa ina yi, amma irin wadda ake yi a tsaye da takalmi a ƙafa: Ubangiji ka sa in same shi a gida, amin. Ban taɓa tambayar Ubangiji ko shi ne ya aike ni gidan ba.

Rahila kuma tana kira.

"Baba, ka je?"

"Ana kan hanya, uwata."

"Likitar ba ta kira ni ba har yanzu."

"Manya ba su da gaggawa. Ki yi haƙuri."

"Baba, lokaci yana tafiya fa. An manna sanarwar ranar rufe rajista."

"Na ce miki an gama."

Ina kashe waya sai in jefa goro a baki. Da can ɗaya ke kai ni yini, yanzu aljihu ɗaya ba ya isa. Wata rana ina ƙofar ɗan siyasan nan, na gartsa wani busasshen goro, sai na ji ƙas! Matauni na can ciki, ɗaya daga cikin 'yan amintattun da suka rage mini, ya tsage.

Kwana kaɗan kunci ya tashi. Na naɗe shi da rawani kamar mai sarauta.

Maƙwabcina Malam Sani, malamin allo ne, katanga ɗaya ta raba mu, mun tsufa muna tsokanar juna. Ya gan ni a ƙofar gida ya ce, "A'a! Uban likita, mi ya samu kumatun? Ko naɗi anka yi ba mu ji ba?"

Na ce, "Sanyi ne."

Ya ce, "Sanyi gefe guda? Wanga sanyi ya san inda shika zama. Tahi asibiti, Ishaya."

Rifkatu ma ta ce, "Ga likita na zuwa Laraba. Ai ka ma san ta, tunda ka kai mata saƙon Rahila."

Na ce, "Ƙwarai." Na kau da kai.

Maimakon asibiti, sai na bi wani mai magani a kasuwar Maiyama, mai fitar da tsutsar haƙori da hayaƙi. Ya zuba wasu 'ya'yan itace a kan ƙarfe mai zafi, ya kifa ƙwarya mai huji, ya ce in buɗe baki in sha hayaƙin. Na sha har ido ya yi ja. Ya ɗaga ƙwarya ya nuna mini wasu fararen abubuwa a cikin ruwa, ya ce, "Ga su nan, har da uwarsu." Na ji daɗi, na biya, na ce wannan ya fi inji mutunci.

Uban ɗalibar haƙori ke nan. Ku rubuta ku ajiye.

Washegari fuskata ta zama kamar kabewa. Zazzaɓi ya rufe ni, kumburi ya gangaro zuwa wuya. Rifkatu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba inda za ni. Amma an gaya mini a ranar ne ɗan siyasan zai zauna ya ga jama'a. Na jira ta shiga kewaye, na sunkuci zakara, na fice.

Na isa, layi har waje. Na tsaya a rana, jiki na kaɗawa. Kuma ga ikon Allah, ranar layi ya yi tafiya. Na wuce mai gadi. Na wuce zaure. Sai ga ni a gaban mutumin da na yi makonni ina nema, yana zaune a kujera, yana dubana da idon rahama.

Ya ce, "Baba, me ke tafe da kai?"

Na zo buɗe baki. Ya ƙi.

Na sake gwadawa. Muƙamuƙi ya kulle kamar an sa kwaɗo. Ko yatsa ba zai shiga ba. Duk maganar da na tsara a kan mashin, sunan Rahila, sunan makaranta, ranar rufe rajista, suna nan a bayan haƙora suna tururuwa, ba hanyar fita. Abin da ya fito shi ne, "Mmm. Mmmm."

Zakara kuwa ya zaɓi lokacin ya yi cara.

Mutane suka fashe da dariya. Mutumin ya ce, "Wayyo, bawan Allah ba shi da lafiya. A ba shi na magani." Wani ya cusa mini 'yar takardar kuɗi a aljihu, wani ya kama kafaɗata ya juya ni, na bayana ya matso. Ko miƙa zakaran ban samu yi ba.

Ban san yadda na kai tasha ba. Na zauna a gindin wata bishiyar dogonyaro da rana tsaka, masu tallar ruwa na wucewa, masu lodi na ihu. Yawu ma ba ya haɗiyuwa. Na duba, ba sauran ƙofa. Ba sauran wayo. Bakin da na ci abinci da shi duk rayuwata, na yi roƙo da shi, na yi ƙarya da shi, an karɓe.

A nan na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba, ba da leɓe ba, don babu leɓen.

Na ce, Ya Yesu, ga masinjanka. Yarinya ta aike ni wuri ɗaya, na je wuri goma ban je ɗayan ba. Tsoro ne, Ubangiji, ba dabara ba ce, tsoro ne kawai na sa masa babbar riga. In mutuwa zan yi, to, amma kada yarinyar nan ta zauna a gida saboda ni. Ƙafafuna ba za su kai ni ƙofar nan ba, ka sani. Ka kai ni ko a ɗaure.

'Yan'uwa, tun ranar da Rahila ta kira ni ban ji abin da na ji a lokacin ba. Ƙafata ta daina rawa. Ciwo yana nan, zazzaɓi yana nan, amma gudun da ke cikin ƙirjina ya tsaya cik. Na jingina da bishiya. Daga nan ban san komai ba.

Ku yi hankali da abin da kuke roƙo, don Ubangiji yana ji! Wani direban Jega ne ya gane ni, ba don fuskata ba, don fuskar ba ta ganuwa, sai don zakaran. Ya ɗauko mu ya kawo gida. Rifkatu da Malam Sani suka sa ni a keke mai ƙafa uku, ita ta riƙe kai, shi ya riƙe ƙafafu, sai asibiti. A ɗaure na roƙa, a ɗaure aka kai ni.

Aka kwantar da ni, aka sa mini ruwa da allurai. Ma'aikacin jinya ya ce wannan aikin likitar haƙori ne, kuma mun yi sa'a, gobe Laraba.

Sa'a? Ni na san sunan wannan sa'ar. Haleluya!

Da safe ta zo. Ni da nake zaton zan ga wata ƙatuwa da awartaki, sai ga 'yar siririyar mace da hijabi da tabarau, ba ta fi Rahila da yawa ba. Ta taɓa wuyana, ta haska fitila ta 'yar kafar da ta samu, ta ja tsaki.

Ta ce, "Baba, da ka ƙara kwana biyu, kumburin nan zai toshe maka numfashi. Me ka sa a ciki?"

Malam Sani ya ce, "Hayaƙi ya sha, likita. An fidda mai tsutsa har da uwarsu."

Ta ce, "Haba! Duk gidanku babu wanda ya je makaranta da zai gaya muku?"

Rifkatu ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Akwai, likita. Ɗiyarsa ce ma ke karatun aikin nan naki. Rahila. Wadda ya kawo miki lambarta."

Likita ta ce, "Wace lamba? Ban taɓa ganin bawan Allahn nan ba."

Rifkatu ta juyo ta dube ni. Na rufe ido na yi kamar na suma. Ta ce, "Buɗe idonka, Ishaya, na san sumanka." Ta ciro wayarta ta kira Rahila, ta buɗe muryar wayar kowa na ji, ta zayyana mata komai: zakara, Aliero, Maiyama, hayaƙi.

Na ɗauka yarinyar za ta yi faɗa. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ta ce a hankali, "Baba, ba ka je ba? Duk kwanakin nan?"

Awartakin maƙeri bai yi mini zafin wannan tambaya ba. Ga shi ba bakin ba da haƙuri. Hawaye kawai ke gangarowa cikin kunnena.

Likita ta miƙa hannu ta karɓi wayar. Ta ce, "Rahila, ko? Aji nawa kike? To, share hawayenki, ina da majinyaci a gabana. Tsoho ne, matauninsa na ƙasa ya tsage, ya ruɓe, kumburi ya sauko wuya, baki ba ya buɗuwa, ga zazzaɓi. Ke ce a nan, ba ni ba. Me za ki fara dubawa?"

Na ji ɗiyata ta ja hanci. Ta ce, "Numfashinsa."

"Sai me?"

Sai ga Rahila tana jero magana, rabi Hausa rabi Turanci, ba ta tsaya ba. A fitar da mugunyar tukuna. A ci gaba da magani ta jijiya. A duba ko yana da ciwon suga. Likita na jefa mata tambaya, tana cafewa. Ɗaya ta ce ba ta sani ba, ba a koya musu ba tukuna, likita ta ce, "Madalla, gara da kika faɗi haka."

Daga ƙarshe ta ce, "Haƙorin fa?"

Rahila ta ce, "In bakin ya buɗu, a cire shi." Sai ta ƙara da cewa, "Likita, ki duba na kusa da shi ma. Na daɗe ina zarginsa."

Malam Sani ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ɗiyar da na haifa, ita ta yanke wa haƙorana hukunci ta waya!

Likita ta ce, "Ba na shaidar wanda ban sani ba. Amma yanzu na ji ki da kunnena. Turo mini bayanin ƙungiyar yau ɗin nan, kada ki kai gobe." Ta mayar wa Rifkatu waya, ta dube ni ta saman tabarau. "Kai kuma Baba, saƙo ya iso. Saura naka."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Amma allura ɗaya ta yi mini, wurin ya mutu. Ranar da baki ya buɗu ta cire su biyun, ina jira a fara sai ta nuna mini su a faranti. Abin da na yi shekara da shekaru ina gudu ke nan. Abin da na kusa kashe karatun ɗiyata a kansa ke nan.

Sai jira. Likita ta rubuta abin da za ta rubuta ta aika, amma saboda yawon da na yi, takardun Rahila su ne na ƙarshen shiga. Ranar rufe rajista tana matsowa, ba labari. Da ni ne na da, da na sake sunkutar zakara. Ƙafar ta so ta fara rawa, ba zan yi muku ƙarya ba. Duk lokacin da ta motsa sai in dafe ta in ce, zauna, an karɓi aikin daga hannunki. Rahila kuwa tana kiran uwarta, ni ba ta nemana. Wannan ma na haɗiye, don ni na saya.

Ana cikin makon ƙarshe, ina zaune ina shan kunu da cokali, wayata ta yi ƙara. Tawa, ba ta uwarta ba.

Ta ce, "Baba, sun ɗauke ni. Za su biya kuɗin makaranta har in gama. Sharaɗinsu in dawo jiharmu in yi aiki."

Na ce, "Uwata, ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe. Amma akwai tara. In na fara duba mutane a gaban malamaina, ana so kowa ya kawo majinyaci. Kai ne nawa."

Yesu mai iko! Na yi ihu da wawulona har maƙwabta suka leƙo.

Kayan aikin da tallafin bai ɗauka ba, ku ne kuka ɗauka. Zumuntar mata, Allah ya sāka muku, na ga abin da kuka yi, na kuma san daga bakin tukunyarku kuka rage. Malam Sani ma ya kawo nasa a ƙulle a gefen riga. Na ce ya bari, ya ce, "In ta dawo, haƙoran Kirista kaɗai za ta cirewa? Amshi, kada ka ɓata min lokaci."

Zakara kuwa, na kai wa likita shi har ofis, da ƙafafuna, ba wanda ya riƙe ni. Wannan karon ban tambayi ruwan bana ba, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta yi dariya ta ce ba ta karɓa, in kai gida a yi mini romo in sami ƙarfi. Muka ba Malam Sani ya yanka, yadda muka saba, don gida biyu su ci. Zakaran da ya ga Aliero, ya ga Maiyama, ya yi cara a gaban manya, ya ƙare a tukunyar Rifkatu. Ni da na yi ta ciyar da shi, romo kawai na sha. Malam ya zauna a gabana yana tauna cinya yana cewa, "Kai, wanga zakara ya yi ilimi."

'Yan'uwa, na san a cikinku akwai masu yara a makaranta, kuɗi ya gagara, barci ya gagara. Ku tambayi yaran, sau da yawa sun san inda taimako yake fiye da mu. In sun aike ku, ku je inda suka aike ku. Kuma in akwai wata ƙofa da kuke kewayewa, kuna cewa dabara ce, ku faɗa wa Yesu sunanta na gaskiya. Ni sai da ya rufe mini baki na faɗa. Kada ku jira ya kai ku nan. Ku dogara gare shi tun kuna iya tauna.

Na gode wa Ubangiji da ya bar mini numfashi. Na gode masa don Rahila tana aji, ba ta gida. Na gode masa don likitar da ya aiko, da matar da ya ba ni, da maƙwabcin da ya riƙe mini ƙafafu. Goro na bar shi, sai dai in na ga ana ci in kau da kai in yi waƙa.

Sauran haƙorana kuwa ina lallaɓa su, na ajiye wa mai su. Ranar da ta kira, zan hau mota in je in zauna a kujerar nan in buɗe baki da kaina. Ku dai taya ni da addu'a, kada ƙafafun nan su juya a bakin ƙofa.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin!